Goron da Na Ba Meshak

Talata, 4 ga Afrilu, 1972

Shekaranjiya Ista, kuma shekaranjiyar ce gwamnati ta mayar da tuƙi hannun dama. Mako guda na yi ina wa mutanen gidana lacca a kan wannan magana. Dama, dama, hannun cin tuwo. Har matata Hellen sai da na sa ta maimaita, ita da ko kariyar keke ba ta yarda ta hau. Yau da safe na kama hanyar ofis ina ta fito abina, ashe ni da keken mun koma hagunmu na gado. Wajen tsallaken layin dogo muka yi gaba da gaba da wani mai amalanken doya. Shi ne a kan gaskiya. Doya ba ta ji komai ba. Wilin gaba ya lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai, gwiwata ta gurje, mai doyan kuma ya tambaye ni ko ba mu da rediyo a gida.

Muna da shi. Ni ne ma mai kunnawa.

Masinjan da ba shi da keke, mai yawo ne kawai. Gobe sai wajen mai gyara.

Laraba, 5 ga Afrilu

Na kai wa Meshak, saurayin nan mai rumfa a gindin mangwaro bayan kasuwa, wanda ke jan babbar murya a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Yana hango ni ya ajiye sifana ya durƙusa har ƙasa. Baba sannu, Baba ya jiki, Baba ku zauna. Da rigarsa ya share mini benci. Na ce a raina, ashe dai akwai sauran waɗanda suka san darajar ma'aikacin gwamnati a garin nan.

Ya miƙe wilin tsaf, ya sa giris har inda ban ce ba, ya goge ƙararrawa sai ƙyalli take. Na tambayi kuɗin aiki, ya ce haba Baba. Na sake tambaya, ya ce haba Baba. To ni ba jiya na shigo gari ba, na san yadda ake yi. In mai aiki ya ƙi kuɗin aiki, sai ka ba shi na goro, kada a ce ka ci guminsa ka share baki. Na zaro sule na danna masa a tafi, na rufe masa yatsu da hannuna, yadda nake ganin manya suna yi. Na ce ga na goro.

Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar kunama na sa masa. Ko na gode bai ce ba. Wataƙila rainawa ya yi. Samarin yanzu.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Gida ba daɗi. Regina, 'yata ta fari, malamar 'yan aji biyu, tun jiya da ta dawo ta shige ɗaki, tuwo ma ba ta taɓa ba. Na yi mata labarin mai doya har da kwaikwayon muryarsa, abin da a da sai ta riƙe ciki. Ko haƙori ban gani ba.

Hellen ta bari sai da ƙananan suka fita wasa, sannan ta tambaye ni wai da gaske ne kuɗi na ba Meshak. Na ce goro na ba shi. Ta zauna a kan turmi tana dubana yadda take duban tukunyar da ta kama. Ta ce ashe duk faɗin Kafanchan ni kaɗai ne ban san Meshak yana neman Regina ba. Tun Kirsimeti. Wai jira yake ya sami hanyar da zai shigo, sai ga ni na kai masa hanyar da ƙafata, ina ɗingishi.

A ƙauyenmu, can wajen Zangon Kataf, saurayi ba ya buɗe baki ya ce ina son 'yarku. Fartanya yake ɗauka da sassafe ya shiga gonar uban yarinya. In uban ya gani ya yi shiru, an bar masa ƙofa ke nan. In kuwa uban ya kira shi ya biya shi kamar ɗan ƙodago, to an sallame shi, ba zagi ba faɗa, kowa ya gane. Wannan na sani, ni ma ta nan na bi. Amma na ce mata ni ina na ga gona a Kafanchan, in ban da 'yar yakuwarta ta bayan ɗaki.

"Kekenka ne gonarka, Baban Regina," in ji ta. "Ya shiga ya yi noma, ka biya shi."

Na ce ban biya shi ba. Lada daban, goro daban, ko ɗan firamare ya san wannan. Ta ce lokacin da nake yi wa babanta noma, ya taɓa danna mini sule a hannu?

Bai taɓa ba. Harara dai ya ba ni, mai yawa.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Ke nan na kori surukin da ban san ina da shi ba.

Asabar, 8 ga Afrilu

To amma a tsaya. Wa ya ce ina son sa?

Awakin da na gada duk sun tafi a kan karatun yarinyar nan, har ta gama kwalejin horon malamai. Ni a aji huɗu na tsaya, malaminmu ya ce kaina ya cika, ba sauran wurin zuba komai. Abin da nake hango mata akawu ne, wanda zai zo gidana a kan babur, maƙwabta su leƙo ta katanga. Akwai ma wani a ofishinmu, mai jan nakatayi, wanda in yana Turanci a waya sai ka rantse ba a nan aka haife shi ba. Irin wannan. Ba mai baƙin farce ba, wanda in kun gaisa sai ka nemi sabulu.

Wataƙila ma hannuna ya fi ni wayo, ya yi abin da ya kamata. Abin da ke cin raina shi ne, in zan ƙi mutum, ina so in san na ƙi shi. In zauna a kujera, in yi gyaran murya, in ɗan yi shiru a ji tsorona. Ba a ce na yanke hukunci mafi girma a gidana ina tsammanin alheri nake yi ba.

Lahadi, 9 ga Afrilu

A sujada Meshak ya tsaya a layin baya yana motsa baki, amma babbar muryar nan ba ta fito ba. Waƙa ta zama kamar ɗaki ba daɓe. Matan zumunta suka yi ta juyowa suna kallona. Ni ma na juya baya kamar ina neman wanda ake kallo. Bango ne a bayana.

Laraba, 12 ga Afrilu

Na je wurin Yaya Kumai, ɗan wan babana, tsohon soja. Shi muke kai wa maganar al'ada tunda tsofaffin gaske suna ƙauye. Na same shi yana shafa man kaɗanya a gwiwarsa, wadda yake cewa tana jin zuwan ruwa tun kafin hadari ya haɗo.

Da farko ya ce kuɗi kuɗi ne, na sallami yaro, magana ta ƙare. Da aka kawo masa kunu ya sha, sai ya ce a'a, goro ba lada ba ne, su a bariki har hafsa suna ba goro kuma ba wanda ya kori hafsa. Na ce to ke nan ban kore shi ba. Ya ce ya danganta da hannun da na miƙa, dama ko hagu. Na ce Yaya, ka yi wa Allah, wannan maganar dama da hagun ita ta kawo ni inda nake.

Ya yi dogon tunani har na ɗauka barci ne. Can ya ce gaskiya kakanninmu ba su bar doka a kan keke ba, don ba su gan shi ba. Shi Yaya Kumai Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya ce, "Regina ɗin, shi me ya ce? Yana so?"

Na ce ban tambaye ta ba.

Ya ce, "To kai me ka zo tambayana?" Ya ci gaba da shafa gwiwa.

Na tafi da tambaya ɗaya, na dawo da cikin kwando.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Na tare Fasto a hanya, na kewaya na kewaya na tambaye shi, wai wani abokina ne. Ya ce shi a makarantar fastoci ba a koya musu keke ba, amma in gaya wa abokin nawa ya yi addu'a. Da zai wuce ya ce in gaishe masa da Regina.

Litinin, 17 ga Afrilu

Tayar baya ta yi faci. Na tura keken na bi ta bayan masallaci don kada in wuce gindin mangwaro, na kai wa wani mai faci a tashar mota. Ko kallona bai yi ba, benci ma da ƙafa ya nuna mini. Ya liƙa, ya faɗi kuɗinsa, na biya. Kafin in mayar da hannu aljihu ya ce, ba na goro, oga? Na ba shi da murna. Kai, har na ji kamar in rungume shi. Ga mutumin da na gane. Shi yana son kuɗina, ni ina son iskarsa, ba mai neman 'yar wani.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Hellen ta ce yanzu cewa ake na ɗauke gonar gaba ɗaya na ba wani. Na ce faci ne fa, faci. Ta ce in gaya wa matan zumunta.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Sabon salo. Meshak ya tare Hellen a kasuwa, ya durƙusa ya miƙa mata sulen nan a naɗe cikin ganye. Wai Baba ya manta da canjinsa a rumfa. Canji. Yaron yana da ladabi, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya buɗe mini ƙofar da zan fita ba tare da kowa ya ce na yi kuskure ba.

Hellen ta ajiye shi a kan tebur kusa da fitila, ta yi mini bayani kamar ɗan ajin Regina. In na ɗauka na sa aljihu, na janye sallamar. In na mayar masa, na sallame shi da gaske, da idona biyu. Na ce in na bar shi a nan fa? Ta ce to sai ya zauna.

Yana nan zaune. Da safe Regina ta goge tebur, ta kewaye shi da tsumma kamar kabari.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Hellen ta gaji da ganin sulen, ta jefa shi a kwanon baiko a coci. Ta ce yanzu maganar tana hannun Ubangiji. Na ce to na karɓa ke nan ko na mayar? Ta ce in tambayi wanda ke riƙe da shi.

Asabar, 29 ga Afrilu

Facin tasha ya saki tun Laraba, ga birki kuma ya fara yi mini gardama a gangaren asibiti. Shugaban ofis ya ce fayil ɗin da ya aike ni da shi ya fi kunkuru jinkiri, kuma akwai masu kekuna da yawa da ke neman aikin masinja. Ba yadda na iya, na koma gindin mangwaro.

Meshak ya rame, ko kuwa idona ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya share benci, ya kama aiki. Ni kuwa na zauna ina ta lissafin yadda zan tashi. In ba shi kuɗi, na kore shi. In tafi haka kawai, na yarda. Wata mata ta zo ya ɗaure mata sirdi, ta ba shi na goro, ya karɓa yana dariya har da cewa Allah ya ƙara kasuwa. Ke nan goron kowa goro ne, nawa ne kaɗai wuƙa.

Ina cikin haka sai ga mai kunun zaƙi ta zo wucewa da ƙosai. Nan dabara ta faɗo mini, irin wadda ba a koyarwa a aji biyar. Kunu ba kuɗi ba ne. Kuma ba a ce na tafi hannu rabbana ba. Na sa ta cika masa kwano, na haɗa da ƙosai, na ce ga wannan ka jiƙa maƙogwaro, rana ta yi.

Da hannu biyu ya karɓa. Ya juya mini baya ya tsuguna ya shanye tas, har da lashe gefen kwano. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Na ce yaji ne ya yi yawa? Ya ce a'a Baba, daidai ne Baba. Ina tafiya na ji yana waƙa a bayana.

Na warware abin da ya gagari soja da fasto. A rubuta wannan, don 'yan baya.

Lahadi, 30 ga Afrilu

A goge abin da na rubuta jiya.

Babbar murya ta dawo coci, har gilashin taga yana rawa. Ana tashi matan zumunta suka yi mini caa, barka Baban Regina, Allah ya sanya albarka, wata har da guɗa ƙasa-ƙasa. Na yi ta cewa amin ban san me nake amsawa ba. A gida Regina ta durƙusa ta ba ni ruwa, na ce zafin yau ko kaza sai ta nemi laima, ta yi dariya har da hawaye. Maganar ba ta kai haka ba, ni na sani.

Na ja Hellen gefe. Ta ce kai Baban Regina, wani lokaci ina mamakin yadda aka yi ka girma a ƙauye ɗaya da mu. Me ake kai wa saurayi a gona ranar da uba ya yarda? Ta ce na manta ranar da mamarta ta aiko mini da kunu a gonar acca, na yi ta tsalle har na sari ƙafata da fartanya?

Ban manta ba, tabon yana nan. Amma na ce wancan kunun gida ne, an dama an aiko. Wannan saye na yi, a titi, wurin matar da ban ma san sunanta ba. Ta ce kunu kunu ne. Na ce ranar nan Yaya Kumai ya ce kuɗi kuɗi ne, yau kin ce kunu kunu ne, to mutum me zai ba mai gyaran keke a garin nan ya zauna lafiya? Ta ce mai gyaran keke kam kome ka ba shi daidai ne.

Ban gane ba, kuma ta ƙi ƙarawa.

Talata, 2 ga Mayu

Kawun Meshak ya aiko. Wai ƙarshen wata za su zo gaisuwa, su da dattawansu.

Ni fa ban yarda ba. Ban ƙi ba, amma ban yarda ba. Ƙosai ne kawai.

Alhamis, 4 ga Mayu

Ban so in rubuta wannan ba.

Tunanin da na yi shi ne, tunda kuɗi ya tura maganar can, kunu ya dawo da ita nan, to in na ƙara ɗan kuɗi kaɗan sai ta tsaya a tsakiya, in sami lokacin yin tunani kamar uba. A kan hanyar ofis abin ya yi mini kyau ƙwarai. Na tsaya wurin Meshak wai a ƙara mini iska. Ya taso da sauri yana murmushi, ya buga famfo, ya taɓa tayar da yatsa. Na zaro sisi na miƙa.

Wannan karon bai tsaya kallon hannu ba, ni ya kalla. Bai taɓa kallon idona ba sai yau.

"Baba, in na goro ne, na karɓa. Kowa yana ba ni, ba laifi ba ne. Amma ku faɗa mini da bakinku na goro ne, don in san inda na tsaya."

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa. Na kaɗa ƙararrawa, ban san dalili ba.

Ya karɓa ya sa a aljihu. Ya ce, "Na gode, oga."

Oga. Har na kai ofis kalmar tana bina.

Juma'a, 5 ga Mayu

Regina ta same ni ina wanke ƙafa. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta iya ba. Ta ce in na ce a'a za ta yi kuka ta haƙura, don ni na haife ta. In na ce i za ta gode. "Amma Baba, ni ba taya ba ce, yau a hura gobe a sace."

Na so in ce wani abu na ban dariya. Akwai ma wanda ya zo mini. Na haɗiye shi.

Laraba, 10 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai, garin duk ƙamshin ƙasa. A ƙauye yanzu kowa yana gona.

Abincina yana zuwa a kan lokaci, kakin ofis a goge, ruwan wanka da ɗumi. Sannu Baba, to Baba. Na gwada labarin shugaban ofis da kunkuru, ƙananan suka yi dariya, Regina ta ce to Baba, ta kwashe kwanuka. Ashe duk shekarun nan ita nake yi wa wasan, sauran 'yan rakiya ne.

Asabar, 13 ga Mayu

Yaya Kumai ya zo da kansa, yana jan ƙafa. Ya ce dattawan sun fasa zuwa. Ya ce Meshak yana neman mai sayen rumfarsa, ƙarshen wata zai shiga jirgi ya tafi Kaduna, wai ana ɗaukar ma'aikata a masaƙa. Na ce to Allah ya ba da sa'a, Kaduna ai gari ne. Yaya ya ce ni tun ina yaro haka nake, in aka aike ni rafi sai in tsaya a tsakiyar ruwa ina tunanin wace gaɓa ta fi kusa.

Na ce ai ban nutse ba. Ya ce tukuna.

Talata, 16 ga Mayu

Akawun nan mai jan nakatayi ya aike ni sayen taba. Na dawo a jiƙe, ruwa ya kama ni wajen gidan waya. Yana kan waya yana Turancinsa, bai ɗago ba, ya turo mini canjin da bayan biro har bakin tebur. Ya ce riƙe na goro, masinja.

Shekara da shekaru ina karɓar irin wannan, har ina jin daɗi. Yau na tsaya a baranda ina kallon tafin hannuna kamar wani sakarai. Shekarunsa ba su wuce na Regina da yawa ba. Ban tabbata ya san sunana ba.

Na sayi gyaɗa da shi. Rabinta ruɓaɓɓiya.

Ba wai ina cewa komai ba ne. Nakatayin dai har yanzu yana da kyau.

Lahadi, 21 ga Mayu

Bayan sujada na sami Regina tana duba littattafan 'yan ajinta a gindin gwanda. Na zauna a kan dutse na yi ta maganar ruwan bana, da tsadar gishiri, har dai na ƙare da abin faɗa. Sannan na tambaye ta, ina kallon gwanda, wai me ta gani a wurin mai baƙin farce.

Ta ɗago kai daga littafi. Ta ce in tana ba shi labarin yaranta na aji, yakan ajiye abin da ke hannunsa ya saurara, har ya san wanda ba ya iya rubuta takwas. Ta ce bai taɓa jin kunyar aikinsa a gabanta ba, bai kuma taɓa sa ta ji kunyar karatunta ba. Ta ce kuma yana sa ta dariya.

Na ce wace irin dariya, ya fi ni ne?

"Kamar ku yake, Baba. Sai dai shi ba ya maimaita labari."

Gefen bakinta ya ɗan motsa. Kaɗan. Ta mayar da kai kan littafi.

Ni ban san ina maimaita labari ba. Na tambayi Hellen, ta ce na mai doya kaɗai ta ji shi har ta iya.

Alhamis, 25 ga Mayu

Keken lafiyarsa ƙalau. Na duba birki, na duba sarƙa, na matsa tayoyi. Duk lokacin da ba ka so ya lalace sai ya lalace. Yanzu kuwa ko ƙara.

Asabar, 27 ga Mayu

Na kai shi wurin Meshak duk da haka.

Rumfar an cire rabin kwanon, kayan aiki a cikin buhu, bencin ma an jingine shi a jikin mangwaro. Ya gaishe ni a tsaye. Na sauke bencin da kaina na zauna. Na ce keken nan yana wata ƙara.

Ya juya wili ya kasa kunne. Ya hau ya kewaya mangwaro ya dawo. Ya ce shi bai ji komai ba. Na ce ai irin ƙarar nan ce mai zuwa ta tafi, ba a jin ta rana ɗaya. Sai an riƙa duba ta duk mako, kuma ni a ganina za ta daɗe, wataƙila shekaru. Na ce kuma na gwada hannun tasha, bai karɓe ni ba.

Ya tsaya. Can ya kwance bakin buhu ya lalubo sifana. Ya ɗaure wani noti da yake a ɗaure, a hankali, ya daɗe a kansa. Ya goge sirdi. Ya miƙe ya riƙe mini keken, idonsa a kan hannuna.

Na kama kan keke da hannu biyu. Na ce sai Asabar mai zuwa.

Ya ce, "Allah ya kai mu, Baba."

Ba wai na yarda ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ce na yarda. Wandon da na sa yau ba shi da aljihu, shi ke nan. Mutum ba ya ba da abin da bai fito da shi ba. Hellen ta tambaye ni me ya sa na tono wannan tsohon wando, na zuwa gona, da ban sa ba tun muna ƙauye. Na ce shi ne ya fara zuwa hannu.

A ƙasan akwati yake, amma shi ne ya fara zuwa hannu.